Yadda mutumin Damagaram zai shirya ziyarar buɗe ido zuwa biranen Japan

Mutanenmu na Damagaram sun saba da doguwar hanya, kuma wanda ya je Makka ko Dubai ko Guwanzu yakan tarar da Bahaushe ɗan'uwansa tun a bakin filin jirgi, mai nuna masa masauki da inda ake sayar da tuwo. A Japan da wuya a samu wannan gata. Ƙasa ce mai tsari da aminci, wadda baƙo zai yi yawo a cikinta da dare ba tare da fargaba ba, amma musulmin cikinta ƴan kaɗan ne, naman alade da giya sun shiga cikin girkinsu na yau da kullum, kuma yawancin mutanen da za a haɗu da su a hanya ba sa jin Faransanci, Turancin ma sama-sama ne. Saboda haka wanda yake son ya ga biranenta da tsoffin gine-ginenta cikin kwanciyar hankali, dole ne ya gama rabin aikin tun yana gida, ya rage yawan garuruwan da yake kwaɗayin gani, sannan ya tsara yininsa a kan lokutan salla da wuraren da zai samu abin da ya halatta ya ci.

Takardu ne farkon komai. Ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya shiga Japan, kuma ofishin jakadancin Japan da ke Abijan, a ƙasar Kwadebuwa, shi ne yake kula da Nijar. Kafin a kashe kuɗin mota ko na jirgi, a tuntuɓi ofishin ta waya ko ta intanet a ji yadda suke karɓar takardu a lokacin. Abin da aka saba nema shi ne fasfo mai sauran kwanaki, hoto, takardar banki da ke nuna shige da ficen kuɗi na ƴan watanni, shaidar aiki ko ta kasuwanci, shaidar kama wurin zama a jirgi, da kuma jadawalin zama, wato takardar da mutum zai rubuta a cikinta inda zai kwana da inda zai je kowace rana. Mutane da yawa suna raina wannan jadawali, alhali shi ne yake nuna wa ma'aikacin biza cewa mai neman ya san abin da zai je yi kuma yana da niyyar dawowa. Bizar shiga sau ɗaya tana aiki ne cikin wata 3 daga ranar da aka buga ta, don haka ba a nemanta tun shekara ba ta zagayo ba, ba a kuma bari sai saura kwana biyu. A haɗa da katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a iyakokin ƙasashenmu.

Hanyar fita biyu ce. Ko a hau kar zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 da take cinye yini guda, a tashi daga filin jirgi na Diori Hamani, ko a tsallaka Kano da ke kimanin kilomita 240 idan iyaka tana lafiya. Babu jirgin da yake zuwa Japan kai tsaye daga ɗayansu. Ana yada zango ne a Istanbul, ko Adis Ababa, ko wani babban birni, kuma daga Istanbul kaɗai zuwa Tokiyo tafiyar sama da awa 11 ce. Tokiyo tana da filayen jirgi biyu: Narita da ke nesa da gari da kimanin kilomita 60, da Haneda da ke kusa da tsakiyar birni. Idan kuɗin tikiti bai bambanta sosai ba, Haneda ta fi sauƙi ga wanda ya kwana biyu a hanya. Dabarar da ta fi wannan amfani ita ce a sayi tikitin da zai sauke mutum a Tokiyo, ya ɗauke shi daga filin jirgin Kansai da ke kusa da Osaka, domin hakan yana rage masa komawa baya ta ɗaruruwan kilomita. Agogon Japan yana gaban namu da awa 8, wato lokacin da ake kiran azahar a Birni, can dare ya riga ya yi, kuma jiki yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya daina neman barci da rana tsaka.

Akwai gargaɗin da ya shafi mutanenmu fiye da kowa, shi ne na kilishi. Al'adarmu ce a cusa wa matafiyi kilishi da dambun nama a jaka, musamman idan an ji zai je ƙasar da halal take wuya, amma dokar Japan ta hana shigo da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe ko dafaffe, ba tare da takardar hukuma ba. Akwai karnuka masu sansana kaya a wurin ɗaukar jakunkuna, kuma hukuncin yana iya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Ɗanyun ƴaƴan itatuwa ma haka suke, don haka mai cin goro ya bayyana abin da yake ɗauke da shi ga jami'an binciken tsirrai, ko ya haƙura da shi. Magungunan da suke ɗauke da kodin ko taramol suna iya jefa mutum cikin matsala babba; mai ciwon da yake shan magani kullum ya tafi da takardar likita, maganin kuma yana cikin kwalinsa. A wurin shiga za a ɗauki hoto da zanen yatsu, kuma doka ta wajabta wa baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa a jikinsa ko'ina zai je, ba a barinsa a otel.

Lokacin tafiya yana da tasiri a kan kuɗi da kuma jin daɗi. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne furen itacen sakura yake buɗewa, kuma a lokacin ne otel-otel suke cika su yi tsada. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu akwai jerin ranakun hutu da Japanawa kansu suke fita yawo, jirage su cika maƙil. Wannan mako a guje shi. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Yuli da Agusta kuma zafi ne mai gumi wanda ko mu da muka san bazara yakan galabaitar da mu, domin iskar jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta bushewa. Agusta da Satumba lokacin guguwar teku ne. A ganina Oktoba zuwa Nuwamba ya fi dacewa, lokacin da sararin sama yake washewa, ganyaye su koma ja da ɗorawa, sanyin kuma bai kai na tsakiyar hunturunsu ba, sai dai a sani cewa a Nuwamba rana tana faɗuwa a Tokiyo wajen ƙarfe 4 da rabi, don haka tazarar la'asar da magariba gajera ce.

Sefa ba ta canzuwa a Japan, sai a tafi da yuro ko dala. Farashi yana hawa yana sauka, amma a ƴan shekarun nan yen 1,000 tana kamawa tsakanin jika uku da rabi zuwa jika huɗu, kuma da wannan ma'auni mutum zai iya auna komai a kansa kafin ya miƙa kuɗi. Katin banki yana aiki a manyan kantuna da otel, amma ƙananan gidajen abinci da ƙofofin tsoffin wuraren tarihi sun fi son tsaba. Da an sauka a sayi katin shiga jirgin ƙasa, Suica ko Pasmo a Tokiyo, Icoca a Osaka da Kiyoto. Ana zuba masa kuɗi a na'ura, a riƙa ɗora shi a ƙofar tasha wajen shiga da wajen fita, kuma yana biyan kuɗin bas da na ruwan sha. A nemi layin intanet tun a filin jirgi, domin ba tare da taswirar waya ba tashoshin Tokiyo suna ɓatar da ɗan gari ma. Wutar lantarkinsu bolt 100 ce, bakin soket ɗinsu kuma mai faffaɗan ƙarfe biyu ne, don haka cajar waya tana buƙatar adafta.

Game da tikitin nan na Japan Rail Pass da ake yawan yabawa, wanda ake ta hawa jiragen ƙasa da shi na ƴan kwanaki da kuɗi ɗaya, a yi lissafi kafin a saya. A Oktoban 2023 na kwana 7 ya koma yen 50,000, alhali tafiya ɗaya daga Tokiyo zuwa Kiyoto a jirgin ƙasa mai sauri na Shinkansen kusan yen 14,000 ce. Wanda zai shiga ta Tokiyo ya fita ta Osaka bai da buƙatarsa. Kwana 10 zuwa 12 sun isa a ga Tokiyo, Kiyoto, Nara, Osaka da Kobe ba tare da gudu ba: huɗu a Tokiyo, huɗu a Kiyoto har da yini guda na Nara, sauran a Osaka. Mai ƙara gari a kan waɗannan yakan dawo da hotunan tashoshin jirgi fiye da na garuruwan.

Kafin a shiga maganar birane, ya kamata a warware batun wuraren bautarsu, domin shi ne abin da yake damun mai karatu musulmi. Addini biyu ne suka yi kaka-gida a Japan: Shinto, wanda na gargajiyar ƙasar ne, da addinin Buddha da ya shigo ta Koriya a ƙarni na 6. Wurin Shinto ana gane shi da ƙofa mai ginshiƙi biyu da gicciyayyen katako a sama, wadda ake kira torii, galibi ja. Haikalin Buddha kuwa yana da gumaka da turaren wuta da babbar ƙararrawa. Mafi yawan tarihin ƙasar, da aikin sassaƙarta da lambunanta, a waɗannan wurare suke, kuma miliyoyin baƙi suna shiga su a matsayin masu kallo kawai. Babu mai tilasta wa kowa komai. Za a ga mutane suna wanke hannu da baki a kwarmin ruwa da ke bakin ƙofa, suna jefa kwabo a akwati, suna tafi sau biyu, suna rusunawa, suna zaro ƴar takardar duba ko sayen laya. Duk waɗannan ibada ce a wurinsu, kuma musulmi zai wuce su cikin natsuwa, ya tsaya gefe ya bar masu yi su yi, ba tare da dariya ko nuni da yatsa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin gumaka ba, harabar da lambun sun ishe shi kallo, kuma ya fi kyau ya tattauna da malaminsa tun a gida, ya haɗa da tambayar ƙasaru da haɗa salla.

Alƙibla a Japan tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, akasin yadda muka saba, don haka a dogara da manhajar waya kada a dogara da sabo. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin salla, haka wasu manyan tashoshi da kantuna. Banɗakinsu alheri ne ga musulmi, domin yawanci akwai maɓallin da yake feso ruwan tsarki, amma wanke ƙafa a kwamin wanke hannu na jama'a abu ne da suke ƙyama, saboda haka a yi alwala tun a masauki a yi ƙoƙarin riƙe ta. Babbar ribar da musulmi yake da ita a kan sauran masu yawon buɗe ido ita ce tashin asuba. Shahararrun wurare suna cika ne daga ƙarfe 9 na safe, lokacin da motocin ƴan kallo suke isowa, kuma wanda ya fito bayan sallar asuba zai same su kusan babu kowa.

A Tokiyo, wadda a da ake kira Edo kafin sarkin ƙasar ya komo cikinta a 1868, a fara da unguwar Asakusa. Haikalin Senso-ji da ke can shi ne mafi tsufa a birnin, an kafa shi a shekara ta 645, kuma ana shiga ta ƙofar Kaminarimon mai ƙatuwar fitilar takarda ja, a bi layin rumfunan Nakamise. Da sassafe rumfunan suna rufe, sai masu shara da tsofaffi masu motsa jiki, kuma a lokacin ne ake ganin ginin da kyau. Hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634 tana tsallaken kogi, amma hawanta da kuɗi ne. Mai son ganin birnin daga sama kyauta ya je ginin gwamnatin Tokiyo da ke Shinjuku, ya hau bene na 45. Wurin Shinto na Meiji Jingu, da aka kammala a 1920, yana cikin dajin da mutane suka dasa da hannunsu, itatuwa kimanin 100,000 da aka tattaro daga sassan ƙasar, kuma daga can a ƙafa ake gangarawa mararrabar Shibuya, inda danja take tsayar da motoci ta kowane ɓangare lokaci guda, jama'a su ratsa ta ko'ina babu mai ture wani. A tsara kwanakin yadda Juma'a za ta riski mutum a Tokiyo, ya yi salla a masallacin Tokyo Camii da ke ƴar tafiya daga tashar Yoyogi-Uehara. An fara gina shi a 1938, aka sake gina shi a 2000 bisa salon masallatan Turkiyya, kuma yana da kantin kayan halal. Unguwar Shin-Okubo ma tana da layin shagunan musulmi masu sayar da nama da kayan yaji.

Jirgin Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, yana kai mutum Kiyoto cikin kimanin awa 2 da minti 15, yana gudun da ya kai kilomita 285 a awa. A nemi kujerar taga ta hannun dama, mai harafin E, domin idan gari ya washe za a ga dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, bayan kusan minti 40 da tashi. Jirgin ba ya jiran kowa, kuma a tashoshin hanya tsayuwarsa ta minti ɗaya ko biyu ce. Mai babbar akwati, wadda jimillar tsawo da faɗi da kaurinta ta wuce santimita 160, sai ya kama kujera ta musamman mai wurin kaya; mafi sauƙi shi ne ya ba ma'aikatan otel akwatin su aika masa da ita otel na gaba, washegari ya same ta tana jiransa.

Kiyoto ce zuciyar tafiyar. Ta kasance babban birnin ƙasar daga 794 zuwa 1868, yaƙin duniya na biyu bai rushe ta ba, kuma tana da haikalin Buddha kimanin 1,600 da wuraren Shinto kimanin 400, don haka ba a zuwa da niyyar gamawa. Wuri biyu a yini, ɗaya da asuba ɗaya da hantsi, ya wadatar. Safiya ta farko a ba wa wurin Shinto na Fushimi Inari, wanda ba ya rufewa kuma ba a biyan kuɗin shiga, tafiyar minti 5 a jirgi daga babbar tashar Kiyoto. Dubban jajayen ƙofofi ne aka jera daf da juna suna hawa dutse mai tsawon mita 233, har mutum ya ji yana tafiya cikin rami mai haske ja. Idan ya juyo ya dubi bayan ginshiƙan zai ga baƙin rubutu daga sama har ƙasa, sunan ɗan kasuwa ko kamfanin da ya biya kuɗin ƙofar ne da ranar da aka kafa ta, kuma tsofaffin da gindinsu ya ruɓe suna tsaye kusa da sababbi masu ƙyallin fenti. Zagaye dutsen duka yana cin awa 2 zuwa 3, amma mai ciwon gwiwa ya tsaya a mararrabar tsakiya, inda ake hango birnin, ya juyo. Abin da ke sama bai bambanta da wanda ya riga ya gani ba.

Haikalin Kiyomizu-dera yana buɗewa ƙarfe 6 na safe. An kafa shi a 778, ginin da ake gani yanzu na 1633 ne, kuma dandamalinsa na katako da ya leƙo daga gefen dutse, mai tsayin mita 13, an harhaɗa shi ne ba tare da ƙusa ba, abin da duk kafinta zai so ya tsaya a ƙarƙashinsa ya duba. Kinkaku-ji, wanda benayensa biyu na sama suke lulluɓe da zinariya, sarkin yaƙi Ashikaga Yoshimitsu ne ya gina shi a 1397, aka ƙone shi a 1950, aka sake gina shi a 1955. Kyakkyawa ne, amma ba a shiga cikinsa, hanya ɗaya ake bi a zagaya tafkin a fita, minti 40 sun isa. Wurin da nake ganin mutumin Damagaram zai fi fahimta shi ne fadar Nijo, wadda sarkin yaƙi Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603. Tsarinta kamar na fadar Sarkin Damagaram ne a Birni, zaure bayan zaure, kowane baƙo da iyakar inda darajarsa za ta kai shi, mai gidan kuma yana zaune a can ciki a wurin da ya fi na kowa tudu. Daɓen katakon barandarta yana kuka kamar tsuntsu duk lokacin da aka taka shi, komai sanɗar mai tafiya. A unguwar Gion, inda mata masu sana'ar rawa da kiɗan gargajiya da ake kira geisha suke, an hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, kuma tarar yen 10,000 ce.

Nara tana da nisan kusan minti 45 daga Kiyoto, kuma ita ce babban birni daga 710 zuwa 784. A can ne haikalin Todai-ji yake, da gunkin tagulla mai tsawon mita 15 da aka ƙaddamar a 752, cikin ɗaya daga cikin manyan gine-ginen katako na duniya. Barewa fiye da 1,000 suna yawo a sake a filin. Idan an sayi biskit ɗinsu a ba su da sauri, in ba haka ba su kama gefen riga ko su cinye taswirar da ke hannu. Osaka garin ƴan kasuwa ne da ciye-ciye, yammaci guda a unguwar Dotonbori da safiya guda a fadar da sarkin yaƙi Toyotomi Hideyoshi ya fara ginawa a 1583 sun wadatar. Daga nan Kobe ba ta kai minti 30 ba, kuma masallacinta na 1935, mafi tsufa a ƙasar, ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945 da girgizar ƙasa ta 1995. Mai sauran kwana da kuɗi ya ƙara Hiroshima, kimanin awa ɗaya da rabi daga Osaka, inda aka jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945, mutane kimanin 140,000 suka mutu kafin ƙarshen shekarar. Gidan tarihin wurin yana da nauyi a zuciya, kada a haɗa shi da wani yawo a yini guda.

Abinci shi ne inda ake buƙatar buɗe ido da gaske. Matsalar ba a naman da ake gani a faranti take ba, a romo da miya take. Taliyar ramen galibi da romon ƙashin alade ake yin ta, miyar kori ta kanti takan ƙunshi kitsensa, kuma akwai wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake kira mirin wadda suke zubawa a yawancin dahuwarsu, har da ta kifi da kayan lambu. Ruwan waken suya mai gishiri, wato shoyu, shi ma wani yana ɗauke da ɗan barasa, kuma malamai sun saɓa a kansa. A ajiye hoton haruffa uku a waya: 豚 alade ne, 酒 giya ce, 肉 nama ne, a riƙa dubawa a bayan leda. A kuma sa a rubuta wa mutum da Japananci cewa ba ya cin alade da nama da abin da aka dafa da giya, ya riƙa nuna wa ma'aikaci. Idan ma'aikacin ya gicciya hannayensa biyu, yana nufin babu abin da ya dace, a yi godiya a fita. Tokiyo da Kiyoto da Osaka duk suna da gidajen abinci masu takardar halal, har da na ramen da na naman shanun wagyu, ga kuma na Turkawa da Indiyawa da ƴan Indunusiya, amma a warwatse suke, don haka a sa musu alama a taswira tun da dare, a tsara yawon gobe yadda zai ƙare kusa da ɗayansu.

Abin da yake ceton matafiyi kullum shi ne ƙananan kantunan da ba sa rufewa, 7-Eleven da Lawson da FamilyMart. A can ake samun dafaffen ƙwai, ayaba, madara, da curin shinkafa mai kusurwa uku da ake kira onigiri, wanda na gishiri zalla ya fi kowanne aminci. Ledarsa tana da lamba 1, 2, 3: a ja zaren lamba 1 daga sama ya tsaga ledar gida biyu, a zare ɓangaren dama, a zare na hagu, sai busasshen ganyen teku ya manne wa shinkafar yana ƙaras-ƙaras, wanda ya yage ta da ƙarfi zai tsinci ganyen a hannu ɗaya shinkafar a ɗaya. Awara abincinsu ce ta yau da kullum, sun daɗe suna sarrafa ta, kuma a Kiyoto ana dafa ta a ruwan zafi a ci da ɗuminta. Ɗanyen kifi kuwa a gwada yanka ɗaya tukuna kafin a yi oda; ba kowane cikin Bahaushe ne yake karɓarsa ba, kuma gasasshen kifi da gishiri yana nan ga wanda ya ƙi. Ba a soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, ba a kuma miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyu al'adun jana'izarsu ne. Neman cokali ba abin kunya ba ne. Ruwan famfo ana shansa, kuma ba a barin tukuici a kan tebur. Ma'aikaci zai biyo mutum da gudu ya mayar masa da kuɗinsa.

Ladubban waje ba su da yawa, amma suna riƙe su da ƙarfi. A cikin jirgi ba a amsa waya, ba a ɗaga murya, kuma wannan ne ya fi yi wa mutanenmu wuya, mu da gaisuwa kaɗai take kai mu minti biyar. Idan gida suka kira, a tura saƙo, a kira su bayan an sauka. Ana bin layi a kan alamar da aka zana a ƙasa, a bar masu fita su fita tukuna. A matakala mai tafiya ana tsayawa hagu a Tokiyo, dama a Osaka. Kwandon shara yana wuya a titi, sai a riƙe leda a jaka. Ana cire takalmi a fadoji da haikali da masaukin gargajiya, don haka a tanadi safa mai kyau. Wajen biya ana ajiye kuɗi a ɗan faranti da ke gaban mai kanti, ba a damƙa masa a hannu. Babbar riga da hula da hijabi ba su da matsala ko kaɗan, sai dai doguwar riga tana wahalarwa a matakalun dutse. Wankan ruwan zafi na onsen tsirara ake yin sa cikin jama'a, maza daban mata daban, kuma mai so ya nemi masaukin da yake da ɗakin wanka na keɓe da ake kamawa da awa. Motoci suna bin hagu, a dubi dama kafin a tsallaka. Idan waya ta yi ƙara mai firgitarwa, gargaɗin girgizar ƙasa ne: a kare kai, a nisanci gilashi, a yi abin da ƴan gari suke yi. Lambar ƴan sanda 110 ce, ta motar asibiti 119, kuma wanda ya yar da jaka ya je ƙaramin ofishin ƴan sanda na unguwa, domin sau da yawa ana samun ta da kuɗinta a ciki.

Tsaraba a bar ta sai kwana biyun ƙarshe, don kada a yi ta jan kaya daga gari zuwa gari. Koren shayi na Uji, mafici mai naɗewa, yadin da aka rina da baba, da wuƙaƙen girki na Sakai da ke kusa da Osaka duk suna da sauƙin ɗauka, sai dai wuƙa a babbar akwati take tafiya, ba a jakar hannu ba. Kayan zaƙi a duba bayansu, domin wasu suna da gelatin ko giya. Kayan wuta irin su tukunyar dafa shinkafa kada a saya sai an ga an rubuta 220 a jikinsu, in ba haka ba wutarmu za ta ƙone su ranar farko. Filin jirgin Kansai yana kan tsibirin da aka cike a cikin teku, tafiyar kusan awa ɗaya daga tsakiyar Osaka, kuma ragowar yen a canza ta zuwa yuro a can kafin a wuce shingen bincike, domin ƴan canjin Yamai da na kasuwar Dole ba kasafai suke karɓarta ba.